Rumbu, Kwalla da Adashi: Tarihin Tattali a Gidan Bahaushe

Duk lokacin da tsadar rayuwa ta taso, shawara iri ɗaya ake ji a rediyo da majalisu: a rage cefane, a bar sayen abin da ba dole ba, a riƙa rubuta abin da ya shigo da abin da ya fita, ragowar a kai banki. Shawarar ba ta da laifi, sai dai ta ɗauka cewa ciwon gida rashin lissafi ne, kuma tsabar kuɗi ita ce ma'ajiyar da ta fi aminci. Tarihin gidan Bahaushe bai goyi bayan ko ɗaya daga cikin biyun ba. Mutanen da sun iya lissafi, na dami da na tiya har da na ƙwayar wuri, amma ba su jingina da shi kaɗai ba, domin sun san abin da ke kusa da hannu ba ya kwana, balle a gidan da ɗan'uwa ba ya roƙo a hana shi. Sun kuma ga kuɗi ya ci amanarsu ba sau ɗaya ba. Saboda haka tattalinsu ya tsaya a kan dabara biyu: nesanta dukiya da hannun mai ita, da fitar da ita daga siffar kuɗi zuwa abin da ake ci, ko ake kiwo, ko ake jerawa a ɗaki. Wanda bai lura da wannan ba zai kira wasu al'adun almubazzaranci alhali su ne ajiyar, kuma ba zai iya bambance wadda ke aiki har yanzu da wadda ta mutu ta bar sunanta ba.

Daga rumbu ya kamata a fara. A tsarin gandu, maigida da ƙannensa da 'ya'yansa suna noma babbar gona tare, kowa kuma yana da gayaunarsa da yake nomawa a ranaku ko sa'o'in da aka ware masa. Amfanin gandu ba ya shiga hannun kowa, rumbu yake shiga, kuma da zangarniyarsa ake zuba shi, domin gero da dawa da ba a sussuke ba sun fi jure ƙwari da daɗewa, har su ga damina biyu ko uku. Ginin rumbun kansa yana faɗin manufarsa. An ɗora shi a kan duwatsu saboda gara da laima, ƙofarsa tana can sama, sai da tsani ake kai mata, an kuma kifa masa jinka. Ba a yi shi don a riƙa leƙawa ba. A yankin Maraɗi, inda Claude Raynaut da waɗanda suka biyo bayansa suka yi nazarin ƙauyuka, an rubuta al'adar rufe rumbun gandu bayan an gama kaka, ba a buɗe shi sai ruwa ya sauka an koma gona. A watannin rani mata suna ci da kansu da 'ya'yansu daga abin da suka noma da abin da sana'arsu ta kawo, samari kuma su tafi cin rani birni. Galibi ana kallon cin rani a matsayin neman kuɗi, amma rabin amfaninsa shi ne bakin da aka ɗauke daga kan hatsin gida har wata huɗu ko biyar. Ko saurayi ya dawo da riga da hula kawai, damman da bai ci ba suna nan, kuma su za a ci a lokacin noma, sa'ad da aiki ya fi nauyi hatsi kuma ya fi tsada.

Abin da ake yi a madafa sananne ne, ba ya bukatar dogon bayani. Tuwon dare ya zama ɗumamen safe, ƙanzo a shanya shi, dusa ta tafi wurin awaki, kara ya zama danni da makamashi, tunkuzar gyaɗa ta zama ƙuli-ƙuli. Kuɓewa da kuka da yakuwa da tumatir ana shanya su lokacin da suka yi araha. Wannan shi ne ɓangaren tattali da masu ba da shawara a yau suka fi ambato, kuma shi ne mafi ƙanƙanta. Ɗumame yana ceton kwano ɗaya, rufe rumbu yana ceton damina.

Za a iya cewa rumbu na mai abin zubawa ne, kuma gaskiya ne. Polly Hill, wadda ta zauna a Batagarawa kusa da Katsina a 1967 ta kuma fitar da littafinta kan ƙauyen a 1972, ta nuna cewa manomi mai ƙarfi yana ajiye hatsinsa har farashi ya tashi, shi kuwa talaka yana sayarwa da kaka lokacin da hatsi ya fi arha, sannan ya dawo ya saya da tsada da damina, sau da yawa da kuɗin ƙwadagon da ya yi a gonar wani ya bar tasa. Sai dai a tambaya: me ke sa shi sayarwa? Bukatar tsabar kuɗi ce, ta bashi ko ta biki ko ta haraji. Bayan Turawa sun kafa mulki, haraji ya koma na kuɗin ƙarfe, kuma lokacin karɓarsa ya faɗo daidai da kaka, don haka dole a ɓalle rumbu ko a noma gyaɗa a inda da ake noma abinci. Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, cinikin gyaɗa ya ɓarke a 1912, sai fari ya biyo baya, aka yi yunwar Kakalaba a 1913 zuwa 1914. An sake yin yunwa a 1927, sai kuma ta 'Yar Gusau a 1942. Michael Watts, a littafinsa na 1983 kan yunwa a Arewacin Nijeriya, ya kafa hujja cewa fari tsohon baƙo ne a ƙasar Hausa, abin da ya sauya shi ne ƙarfin gida na jure masa, kuma haraji da bashi da kasuwa su suka rage wannan ƙarfi. A Nijar, bayan yunwar 1931, Faransawa sun tsananta dokar rumbunan ajiya na dole, inda kowane magidanci zai zuba wani kaso a ƙarƙashin idon hukuma. Manoma sun tsani tsarin. Mutanen da suka gaji rufe rumbu da hannunsu ba ajiya suka ƙi ba, sun ƙi ajiyar da mabuɗinta yake hannun wanda ke karɓar haraji.

Rashin amincewa da kuɗi kuwa ya girmi zuwan Turawa. Tarihin sarakunan Kano ya ce a zamanin Sarki Muhammadu Sharefa, wanda ya yi mulki daga 1703 zuwa 1731, wuri ya fara shigowa ƙasar Hausa. Daga tsibiran Maldives ake kwaso shi, ya ratso teku ya sauka a gaɓar Afirka ta Yamma, fatake su hauro da shi. Lokacin da Heinrich Barth ya shiga Kano a 1851, dalar azurfa ɗaya tana daidai da wuri 2,500, kuma ya ƙiyasta cewa iyali za su iya rayuwa cikin wadata shekara guda, har da tufafi, da wuri 50,000 zuwa 60,000. Wato kusan keso uku, tunda keso ɗaya wuri 20,000 ne. Amma tun kafin zuwansa 'yan kasuwar Hamburg ta Jamus sun fara jigilar wani wurin mai arha daga Zanzibar zuwa gaɓar yamma, kuma cikin shekarun da suka biyo baya ya malale kasuwanni, darajar wuri ta yi ta zubewa. Charles Robinson, wanda ya zo Kano a ƙarshen 1894, ya ba da labarin yadda ya kasa sayar da dokinsa a hanya, domin kuɗin dokin sai an ɗauki 'yan dako goma sha biyar su ɗauka, ladansu kuma zai cinye kuɗin har ya nemi ƙari. A 1904 gwamnatin Turawa ta hana shigo da wuri, sannu a hankali anini da kwabo da sule suka maye gurbinsa. Duk wanda ya tara wuri a tulu domin tsufansa ya wayi gari da abin ado.

Wannan darasi ya yi ta maimaita kansa. A 1968, ana cikin yaƙin basasa, an canja takardun kuɗin Nijeriya. A 1973 fam ya koma naira. A Afrilun 1984 gwamnatin soja ta sauya launin naira, ta rufe kan iyaka, ta ba da ƙasa da mako biyu a yi canji, kuma abin da ya haura naira 5,000 sai an yi bayanin inda aka samo shi. A 1986 aka shiga shirin gyaran tattalin arziki da ya karya darajar naira. A 1985 dalar Amurka ba ta kai naira ɗaya ba a farashin gwamnati, a 2024 ta haura naira 1,500. A Nijar, ranar 12 ga Janairun 1994 aka wayi gari sefa ta rasa rabin darajarta, faran ɗin Faransa da ake saya sefa 50 ya koma 100. Sai kuma sauyin takardun naira 200 da 500 da 1,000 na ƙarshen 2022 da farkon 2023, lokacin da mai kuɗi a banki ya kasa cirewa, mai tsohon kuɗi a gida ya kasa kashewa. Tsohuwar da ta ga rabin waɗannan da idonta, idan ta gwammace ta sayi tunkiya da ta ajiye takarda, hujjarta ta fi ta mai yi mata dariya ƙarfi.

Ba banza aka ambaci tsohuwa ba, domin mafi yawan tarihin tattalin gida tarihin mata ne. Fiƙihun Malikiyya ya ɗora ci da sha da tufafi da muhalli a kan miji, ya kuma bar wa mace dukiyarta, ba ta haɗa aljihu da shi. Wannan ya haifar da gida mai jaka biyu, har mace takan sayar wa mijinta abin da ta sarrafa ko ta ranta masa kuɗi ya biya. Baba ta Karo, wadda ta ba Mary Smith labarin rayuwarta a ƙasar Zazzau a 1949 da 1950 aka buga shi a 1954, ta yi ta ambaton kaɗi da sana'ar abinci da kyaututtukan da ke yawo tsakanin ƙawaye. Polly Hill ta tarar cewa cinikin da matan kulle ke yi daga cikin gidajen Batagarawa, na hatsi da mai da dafaffen abinci, kasuwa ce cikakkiya wadda mai wucewa a titi ba ya gani. Ribar ba ta da yawa, kwabo ne da sisi, kuma kwabo da sisi ba sa zama. Sai a jefa su asusu, tukunyar ƙasar da ba ta da baki sai tsaga, wadda ba a cire komai daga cikinta sai an fasa. Idan aka fasa a sayi kaza, kaji su zama akuya, awaki su zama tunkiya ko a haɗa a sayi saniya a ba Bafulatani kiwo. Akuya tana haihuwa, tana cin dusar gida, kuma ranar da ciwo ya faɗo ana iya kai ta kasuwa kafin azahar. Abin da ya fi wannan muhimmanci, miji ko ƙane da zai iya cewa a ba shi aron sule biyar yana jin nauyin cewa a sayar masa da akuya.

A nan ne jere ya shigo, kuma shi ne abin da aka fi yi wa mummunar fahimta. Da can ƙore ake jerawa da tasoshin tagulla, daga baya kwanon enamel na kanti ya zo, aka shiga zamanin kwalla da langa da samira, ɗaki ya cika tun daga ƙasa har rufi, ga gadon ƙarfe mai rumfa. Baƙo yana ganin kwanuka ɗari da ba a cin abinci a cikinsu sai ya ce ɓarna ce. Amma uwa ba rana ɗaya ta saye su ba. Tun yarinya tana goye ake tarawa, ɗaya yau ɗaya wata mai zuwa, wato ribar sana'a ce ake mayarwa abin da ba ya ruɓewa, gara ba ta ci, kuma farashinsa yana tashi tare da na kasuwa. Kayan na amarya ne, miji ba shi da iko a kansu. In aure ya mutu, kuma mutuwar aure ba baƙon abu ba ce a ƙasar Hausa, da kayanta za ta fita. In yunwa ta zo ko jari ya karye, dillaliya za ta zagaya da kwalla biyu gida-gida ta kawo kuɗi ba tare da kowa ya ji ba. Ragowar kuma su ne harsashin jeren 'yarta. Barbara Cooper, a littafinta na 1997 kan aure a Maraɗi, ta bi diddigin yadda mata suka mayar da kayan aure hanyar tara dukiya da daraja ta kansu. Akwai farashin da aka biya, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a unguwannin Kurawa da Ƙofar Mazugal a Kano cikin shekarun 1970, ta nuna cewa tallan 'yan mata shi ke ɗauke da sana'ar uwa, kuma kuɗin kayan ɗaki daga nan yake fitowa. Yarinyar da ke tara kwallarta a kan faranti ba ta aji. Ajiyar ta yi aiki, amma karatun 'ya'ya mata da yawa ne ya biya kuɗinta.

Adashi ya warware wata matsalar daban, ta mai samun kaɗan-kaɗan da ke bukatar dunƙulallen kuɗi. Ba Hausawa kaɗai ke da shi ba: Nadel ya bayyana shi a wurin Nufawan Bida a 1942, William Bascom ya rubuta kan na Yarbawa a 1952. Tsarinsa bai sauya ba. Mutum goma ko ashirin su yi zubi kullum ko ranar kasuwa ko ƙarshen wata, ɗaya ya kwashe, a zagaya har kowa ya ɗauka, uwar adashi tana riƙe da lissafi, mai ƙarfi ya shiga da hannu biyu. Masu sukarsa suna cewa ba ya haihuwa, abin da ka zuba shi za ka ɗauka, don haka me ya raba shi da ajiya a ƙarƙashin katifa? Abin da ya raba su shi ne kunya. Mutum yana iya saɓa alkawarin da ya yi wa kansa sau goma ba wanda ya sani, amma ba ya son a ce shi ya karya zubi. Adashi yana kuma ba mutum amsar da ba ta ɓata zumunci: idan ɗan'uwa ya zo neman rance, "na zuba adashi" magana ce da kowa ke karɓa, alhali "ina da shi amma ajiya nake" tana iya raba gida. Rauninsa biyu ne, kuma na gaske ne. Uwar adashi ko wanda ya kwasa da wuri yana iya gudu. Sannan in farashi yana tashi da sauri, kamar 2024 da hauhawar farashin abinci ta haura kashi 40 cikin ɗari a Nijeriya, mai ɗaukar ƙarshe yana karɓar adadin da ya zuba amma ba ya sayen abin da na farko ya saya. Shi ya sa masu wayo ba sa barin kuɗin kwasa ya kwana, nan take suke mayar da shi buhu ko dabba ko keken ɗinki.

Shaida mafi ƙarfi cewa wannan gado ba kayan tarihi ba ne ta fito daga Maraɗi. A 1991 ƙungiyar CARE ta fara aiki da matan ƙauyukan yankin a wani shiri da aka kira Mata Masu Dubara. Ba a kawo musu jari daga waje ba. An ɗauki asusu da adashin da suka sani aka yi musu kwaskwarima: zubi kowane mako a akwatin ƙarfe, a ba mambobi rance daga ciki su mayar da ɗan ƙari, a ware wani abu domin ciwo da rasuwa, ƙarshen zango a fasa a raba, sau da yawa daidai lokacin da ake bukatar iri ko abincin damina. Wannan tsari ne ya bazu zuwa ƙasashe da dama na Afirka da Asiya, miliyoyin mutane suna amfani da shi. Ƙarin da ake mayarwa a kan rance ya jawo tambayar malamai, wasu ƙungiyoyin sun sauya shi da ciniki ko kuɗin hidima. Amma ainihin dabarar ta matan Hausa ce.

Biki ma yana da fuskar ajiya, ko da yake a nan ne hujjar ta fi rauni. Gudummawar da mace ke kai wa ƙawarta ranar suna ko aure ba kyauta ce da ake mantawa ba. Ana riƙe da lissafinta, kuma ranar da nata ya zo za a mayar mata, a wurare da yawa da ƙari har ninki. Wato tana zuba dukiyarta a hannun mutane ashirin, ta dawo mata a ranar da ta fi bukata. Malamai sun daɗe suna sukar abin da ke kewaye da wannan. Tun zamanin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ake wa'azi kan al'adun da suka yi wa aure nauyi, kuma bayan kafa Izala a Jos a 1978 sukar kashe-kashen biki ta zama babban jigon wa'azi a Nijeriya da Nijar. Adeline Masquelier ta rubuta yadda matan Dogonduci suka ƙi sakin gado da kayan ɗaki duk da wa'azin da ake yi musu, domin a wurinsu amaryar da aka kai ba kaya an kai ta ba kariya. Kowane ɓangare yana riƙe da gaskiya, amma zamani ya karkata ga masu wa'azin ta wata hanya da ba ita suka nufa ba. Kwalla tana riƙe darajarta, ana sayar da ita ɗaya-ɗaya. Kujerun soso da gadon katakon garin itace da labule da kayan roba da suka maye gurbinta suna fara faɗuwa tun ranar da aka sauke su daga mota, bayan shekara uku ba mai sayensu rabin kuɗi, kuma ba a tara su sannu a hankali, rana ɗaya ake saye, sau da yawa da bashi ko da kuɗin gonar da uba ya sayar. Sunan kayan ɗaki yana nan, aikinsa na ajiya ya tafi, sai abin da ya koma sarƙa da ɗan kunnen zinare. Da gwamnatin Kano ta fara aurar da zawarawa ta hannun Hisba a 2012, har ta aurar da mata 1,800 a 2023, babban abin da ta ɗauke wa iyaye shi ne gado da katifa da sauran kayan ɗaki. Abin da aka ƙirƙiro domin ya kare mace ya zama abin da ke hana a aurar da ita.

Sai maganar banki. Mai kare shi zai ce rumbu yana cin wuta, akuya tana mutuwa, uwar adashi tana gudu, kuma a Zamfara da Katsina da Sakkwato ɓarayin daji sun kore dabbobi sun ƙone rumbuna, dukiyar da ido ke gani ta zama abin da ke jawo wa mai ita hari. Wannan hujja ce mai nauyi, kuma a waɗannan yankuna ta rinjayi kowace. Iyalin da suka gudo da waya a aljihu da ɗan abin da ke cikin asusunta sun fi wanda ya bar garke a baya. Matsalar kuɗin ruwa ma ta ragu tun da bankin Jaiz ya fara aiki a 2012 wasu suka biyo shi. Amma banki yana tsare adadi ne, ba ya tsare daraja. Naira dubu ɗari da aka ajiye kafin cire tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 tana nan dubu ɗari bayan shekara guda, sai dai buhun da za ta saya ya ragu ƙwarai. Bankuna ma suna mutuwa, 26 aka rufe a Janairun 1998 kaɗai. Sannan asusun da ke cikin waya ya rushe katangar da magabata suka gina da gangan: kuɗin da ake iya turawa cikin minti ɗaya da tsakar dare ya fi na aljihu kusa da hannu. Wurin banki a tattalin gida shi ne tsaro daga ɓarawo da gobara da ajiyar gajeren lokaci, kuma wuri ne babba, amma bai gaji aikin rumbu ba.

Gidan birni na yau shi ne ya fi shiga tsaka mai wuya, domin ba shi da gona, ba shi da filin kiwo, ɗakin haya ne da albashi ko abin da aka samo a yini. Mai sayen gwangwanin shinkafa da ƙullin mai kullum yana biyan tsadar da mai sayen buhu ba ya biya. Shi ya sa tsohuwar dabara ta dawo da sabuwar riga: ma'aikata suna haɗa kuɗi a ƙungiyoyin gama kai su sayi buhunan masara da gero da wake a Dawanau ko kasuwannin ƙauye da kaka, mata suna adashin kayan abinci na azumi, kuma buhun nan mai ninki uku da jami'ar Purdue ta Amurka ta yaɗa a Nijar da Nijeriya tun 2007 ya sa ana iya ajiye wake wata da watanni ba magani ba ƙwari. Wasu suna ganin wannan ɓoye abinci ne, musamman bayan hukumar yaƙi da rashawa ta Kano ta rufe wasu ɗakunan ajiya a Dawanau a Fabrairun 2024. Fiƙihu ya daɗe da raba su: abin zargi shi ne ɗan kasuwa ya tsare abinci lokacin ƙunci yana jiran ya yi tsada, amma tanadin abin da iyali za su ci halal ne, kuma ya tabbata cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yakan ware wa iyalinsa abincin shekara. Faɗuwar farashin hatsi a 2025 ta fito da bambancin fili. Waɗanda suka tara domin riba sun tafka asara, magidancin da ya sayi buhu huɗu domin tuwon gidansa kuwa ya ci abinsa, iyakarta ya saya da ɗan tsada.

Wanda duk wannan bai kai gare shi ba shi ne mai samun na yini, ɗan dako da mai tura baro da bazawara mai wankau, waɗanda ba su taɓa riƙe kuɗin buhu a dunƙule ba balle su saya da kaka. A Nijar an gwada amsa masa da rumbun tsimi na gari tun bayan farin shekarun 1970 da 1980: a sayi hatsi da kaka da kuɗin jama'a ko na tallafi, a sayar wa mutanen gari da sauƙi da damina. Da yawa sun durƙushe, kuma dalilan da aka fi samu su ne bashin da aka ba dangi da masu faɗa a ji ba a biya ba, da sayarwa ƙasa da abin da zai sake cika rumbun. Waɗanda za su sake gwadawa, a ƙauye ko a unguwar birni, sai sun fara yanke shawara kan mutum nawa za su riƙe mabuɗi, da watan da za a buɗe, da abin da za a ce wa mai unguwa idan ya aiko a ba shi tiya goma kafin lokaci.